Daga Gusau Zuwa Nguru, Ta Kan Gonar Dattijo

Shekarar da wayar salula ta fara kamawa a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure, ita ce shekarar da jan-baki suka sauka wa shinkafar damina. Wanda bai san jan-baki ba zai ce ai ɗan tsuntsu ne, a tafin hannu ma sai ya ɓace. Gaskiya ne. Sai dai ba ya zuwa shi kaɗai. In suka taso daga nesa sai ka rantse hayaƙin gobara ne, kuma ba lokacin da suke ƙauna kamar sa'ad da shinkafa ta yi nono, wato ƙwayar ba ta yi tauri ba, in ka matsa ta farin ruwa ya fito. Su tsotse tas, su bar maka zangarniya a tsaye gwanin sha'awa, ba komai a cikinta.

Gonar Dattijo ce ta ƙarshe a layinsu. Daga ita sai fadamar kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, inda ruwan da ya gama zagaya gonaki yake taruwa, kuma a cikin kachalar nan tsuntsayen suke kwana. Da magariba in sun shiga, hayaniyarsu kan hana mutum jin ladan.

Shi Dattijo ba a gona ya tashi ba. Bafillace ne, da sanda ya girma, ya bi shanu har gemunsa ya yi fari. Abu biyu suka zaunar da shi. Na farko, burtali ya ƙare, duk inda saniya ta saba bi an yanka shi fangali-fangali an saka ruwa. Na biyu, gwiwoyin matarsa Rekiya. Sun kumbura, sun ƙi lanƙwasuwa, har ta kai a ƙaurarsu ta ƙarshe tana tafe tana hawaye. Da ya ga haka sai ya sayar da rabonsa na garke, ya sayi gonar nan, ya gina ɗaki biyu na kwano a bakin kanal, magudanar da ke kai wa gonaki ruwa. Ƙanensa Sunusi ya ci gaba da yawo da nasa shanun. Ranar da za su rabu ya ce, "Hamma, duk ranar da ƙasa ta ƙi ka, ka zo ka taya ni kiwo." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta tsaya wa Dattijo a wuya.

Ƙasar kuwa ba ta yi masa maraba ba. Tumatirinsa ya ruɓe a kwanduna a bakin titin Zariya, albasa ta biyo baya ita ma ba ta yi abin kirki ba. Saura shinkafar nan. Idan ta yi, sun zauna. Idan ba ta yi ba, babu iri, babu na taki, babu na ci, sai a sayar da gona a koma bayan shanun Sunusi, da gwiwoyin Rekiya da komai. Su biyun sun san haka, shi ya sa ba sa zancen.

Shinkafar kuwa ta yi kyau, wallahi ta yi. Sai ga baƙi.

Kowa ya fito tsaron gonarsa yadda aka saba. An ja igiyoyi an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, an warware tsofaffin kaset an shimfiɗa zaren yana walƙiya a rana, masu majajjawa suna jifa, masu murya suna ihu har ta dushe. A gonar Dattijo, Rekiya ce mai igiya. Ya yi mata rumfa a kan kunya, duk igiyoyin gonar suka haɗu a hannunta, tana zaune tana ja tun hantsi. Tunda ba ta iya zagaye, idonta bai taɓa barin gonar ba, don haka tasu ta fi ta kowa tsira. Amma kowa ya san wahalar banza ake yi. Ka kore su su faɗa wa maƙwabcinka, shi ma ya kore su su dawo maka.

Ranar Talata malamin gona Mudassiru ya zo a kan babur ɗinsa, aka taru a gindin mangwaron da ke kusa da ƙofar ruwa. Saurayi ne mai yawan gumi, kullum wayarsa na rataye a wuya. Dalhatu, shugaban ƙungiyar masu ban-ruwa na layin, shi ya fara magana.

"Malam, ina labarin jirgin feshin da ake ta faɗa? Ko sai sun gama da mu?"

"Jirgi yana Gusau," in ji Mudassiru. "Ya gama aikin Zamfara, jibi Alhamis zai koma Nguru. Na samu matuƙin a waya, na roƙe shi. Ya ce akwai ragowar magani a tankinsa, kuma mu kusan a kan hanyarsa muke, zai iya karkatowa."

"Alhamdu lillahi!" Wuri ya ɗauka.

"Ku dakata, ban gama ba." Ya share goshi. "Daga Gusau zuwa Nguru kilomita ɗari huɗu ne da 'yan kai. Jirgin ƙarami ne, ba irin na alhazai ba, mutum ɗaya yake ɗauka. Awa biyu da rabi yake yi, in ya biyo ta kanmu ya kusa uku. To, filin Nguru ba fitila. Fili ne kawai, awaki na kiwo a gefensa. Dole ya sauka yana ganin ƙasa da idonsa. Daga nan zuwa can awa ɗaya da rabi, ke nan ana idar da la'asar zai zo, ya yi abin da zai yi, ya wuce. Su kuma waɗannan 'yan banzan yaushe suke shiga kachala?"

"Sai rana ta faɗi," wani ya amsa.

"To kun gani. Kachalar da ba ko tsuntsu ɗaya a ciki zai fesa."

"Ya fesa su a gona mana, inda suke."

"Guba ce, Alhaji. Ba a zuba ta a kan abin da mutum zai ci."

Dalhatu ya tsuke baki. "Ya bari sai magariba, ya kwana a Kano. Ga filin jirgi nan kamar gari guda, fitilu har sun yi yawa."

"Na faɗa masa. Takardarsa ba ta ba shi Kano ba, mansa da gangunan maganinsa sun riga sun tafi Nguru a mota, kuma da asuba yana da aiki a can. Abin da zai iya ke nan."

Dattijo yana gefe a tsugune. Wuraren nan biyu da ake ambata ya san su da tafin ƙafarsa, ya taɓa kora shanu daga dajin Zamfara har fadamun Nguru, wata ya kama ya mutu suna hanya. Bai yi mamakin jirgi ba, ya san jirgi. Abin da ya ba shi haushi shi ne a ce magani zai bi ta saman kansa ya wuce, don kawai tsuntsu bai ga damar kwanciya da wuri ba.

Ya ce, "In ba za su zo da kansu ba, a kawo su."

Dalhatu ya juyo ya dube shi, sai ya fashe da dariya. "Kai Fillo! Tsuntsun za ka kora kamar shanu? Ko za ka yi musu kirari su biyo ka?"

Aka yi dariya sosai. Dattijo ya bari ta lafa, sannan ya zana ƙasa da tsinke. Ya ce abin da ke ɓata aikin shi ne kowa gabansa yake kora. Garke ba a korar sa haka. A bar gonaki, a hau can saman layi, a jeru kamar baka, kowa da gwangwaninsa, a taho tare. Dama da hagu a toshe, a bar ƙofa ɗaya tak, ta wajen kachala.

Mudassiru ya girgiza kai. "Baffa, ko an kai su ba za su zauna ba. Da rana tsaka, da yunwa, me za su yi a kachala?"

"Na sani. Dabba mai yunwa ba ta kwanciya. Shi ya sa za a bar musu gonata." Ya nuna ƙarshen zanen. "Ba mai kaɗa gwangwani a nan. Su sauka su ɗan taɓa, hankalinsu ya kwanta. Da an ji ƙarar jirgi sai a ɗaga su, taki ɗaya ne su faɗa kachala."

"Shinkafarka fa?"

"Gefe ɗaya za su ci. Ai ba daɗewa za a yi ba."

Dariya ta ɗauke. Kai, ka ga yadda mutane ke saurin gane hikima idan ba gonarsu za a ba da ba! Nan take aka ce shawara ta yi, Allah ya yi wa Dattijo albarka, dama Fulani akwai basira. Dalhatu har da dafa masa kafaɗa.

Da ya koma ya gaya wa Rekiya, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Da wa ka yi shawara, Malam?"

"Ba lokacin shawara. In ba a kashe su jibi ba, mu ne a bakin ɗakinsu, mu za su fara gamawa da mu."

"Har yaushe za su zauna a ciki?"

"Kamar a dafa shayi a sha."

Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "To. Allah ya sa shayin ba na Buzaye ba ne."

Ranar Alhamis gari ya waye tas, ba hadari ko kaɗan. Mudassiru ya kafa gorori huɗu da fararen ƙyallaye a kusurwoyin kachala don matuƙi ya gane wurin, ya hana kowa kawo dabba kusa. Ya ce jirgi zai bar Gusau bayan ƙarfe uku, ya iso kansu wajen huɗu da rabi. Sannan ya tambayi Dattijo yaushe za a fara kora.

Dattijo ya tsaya a kan kunya ya auna da ido, daga saman layi inda bishiyoyin darbejiya suke, har zuwa gonarsa. Akwai nisa. Ga ƙananan kanal biyu da za a tsallaka, ga gonar rake a tsakiya da za a kewaye. Ya san irin wannan tafiyar sarai. In ba a so garke ya firgita ya watse, ba a matsa masa, daga azahar zuwa la'asar ne. Makiyayi kuma gara ya isa mashaya da wuri ya jira, da ya makara.

Ya ce, "Ana sallame azahar."

Ba wanda ya yi musu. Shi ne mai kora, shi ya san aikinsa. Mudassiru ya hau babur ya tafi kan gadar babban kanal, don nan ne kaɗai waya take kamawa sosai, kuma daga nan ana hango gonar Dattijo.

Aka idar da azahar, mutane suka jeru, maza da mata, har da waɗanda ba su da ko fangali ɗaya a layin. Lokacin tsuntsayen sun fara saukowa daga bishiyoyin da suke fakewa da zafin rana. Dattijo ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga sanda, ya sauke.

Tabɗi! Ba a taɓa jin irin wannan ƙara a layin ba. Gwangwanaye, tsofaffin kwanoni, garewani, ihu, guɗa, duk a lokaci ɗaya. Tsuntsayen suka tashi, suka nufi dama suka tarar da mutane, suka juya hagu suka tarar da mutane. Suka dunƙule wuri guda, sama ta yi duhu, inuwarsu ta bi ta kan shinkafa. Sai suka miƙe ɗoɗar zuwa wurin da ba a ƙara. Dabarar ta ci, ta ci fiye da yadda kowa ya zata. Mutane ba su gama tsallake kanal na farko ba, sai suka hango baƙin abin nan ya karkata can ƙarshen layi, ya zube a gonar Dattijo gaba ɗaya.

Aka ɗau sowa. Dattijo bai yi ba. Ya dubi rana, tana nan daram a sama, ko karkata ta kirki ba ta yi ba. Ya tattare riga ya bi bakin kanal da gudu, gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Da ya zo daidai gada ya ɗaga murya.

"Malam Mudassiru! Yana ina?"

Mudassiru ya cire waya daga kunne, fuskarsa ba daɗi. "Bai tashi ba, Baffa. Yanzu ake zuba masa mai."

Ashe da ƙafar saniya ya auna tafiyar. Duk lissafinsa daidai ne, kanal biyu, gonar rake, kada a matsa. Abu ɗaya ya manta, abin da yake kora ba ya tsallaka kanal, ba ya kewaya rake.

Ya isa rumfa yana haki. Rekiya na zaune, ta naɗe igiya a hannu, ba ta motsa ta ba. Gonar ba a ganin korenta. Ko'ina motsi ne, zangarniya na sunkuyawa tana ɗagowa, ga wata ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana soya gyaɗa a babban kasko.

"Malam, in ja?"

"Dakata."

Mutane suka iso a hankali, suka tsaya nesa kaɗan yadda aka tsara, suka kewaye gonar ta gefe uku, kowa ya riƙe gwangwaninsa kada ya yi ƙara. Dalhatu ya lallaɓo ya tsuguna kusa da Dattijo. Ya yi magana a hankali, ya ce in aka ɗaga su yanzu da sauran yunwa ba kachala za su shiga ba, ta kan mutane za su bi su bazu a gonakin da ba kowa a ciki. Kuma sun riga sun ga dabarar, ba lallai su sake taruwa ba.

"Amma fa kai ne mai gona," in ji shi. "Ni ba zan ce maka komai ba."

Ya kuwa riga ya faɗi komai. Dattijo ya ji haushinsa, ya ji haushin kansa fiye da haka. Tsoro ya kama shi sosai. In ya ce a ja, ya ceci abin da ya saura yau, gobe da jibi su dawo su ƙarasa, kuma ya zama Bafillacen da ya tara gari ya kunyata. In ya yi shiru, yana tsaye za a cinye shi. Ya dubi gada. Mudassiru na tsaye, waya a kunne.

An jima, Mudassiru ya ɗaga hula yana kaɗawa, ya taho da babur a kashe yana turawa don kada ya firgita tsuntsaye.

"Ya tashi."

"Sai yaushe?"

"Awa ɗaya da 'yan mintoci, in Allah ya so."

Dattijo ya zauna a kan kunya. Jim kaɗan ya ce, "Yanzu yana ina?"

Mudassiru ya duba agogo. "Zai kai wajen Tsafe."

Ya san Tsafe. Ya san duwatsunta, ya san inda suka yi zango a gindinsu, saniya ta haihu. Daga Gusau zuwa can yini biyu ne da garke, ga shi an shafe shi kafin mutum ya gama gyara zama. Duk da haka, a ransa bai taɓa ganin abu mai nawa irin jirgin nan ba.

"Yanzu fa?"

"Baffa, ko minti biyar ba a yi ba."

Aka kira la'asar a ƙauye, ana jiyowa sama-sama. Mutane suka yi salla a bakin kanal kashi-kashi, wasu na yi wasu na tsare da layi, liman ma da raɗa yake kabbara. Dattijo ya bi sahu, amma da za ka tsare shi ka tambaye shi raka'a nawa aka yi, ba zai iya gaya maka ba. Kunnensa na gona.

Da ya dawo rumfa Rekiya ta ce, "Sun wuce fangalin tsakiya."

Ya kawar da kai.

"Malam, ka dube ni." Ya dube ta. Igiyar ta shiga naman hannunta, yatsun sun yi fari. "In ka ce in ja, zan ja. Amma ba zan ja da kaina ba, kada wata rana ka ce ni na watsa maka aiki. Kai za ka faɗa."

Ya buɗe baki. Wallahi ya buɗe, kalmar na kan harshensa. Sai ya hango mutanen da ke tsaye a rana sun zuba masa ido, kowa da gonarsa a baya ba mai tsaro, saboda shi ya ce su baro ta. Ya rufe bakin.

"Ya wuce Malumfashi," in ji Mudassiru, ba tare da an tambaye shi ba. Can kuma ya ce, "Ya kusa Karaye." Daga nan bai ƙara cewa komai ba, don ya lura ba mai son ji.

Ƙarar gonar ta fara raguwa. Tsuntsayen sun daina rububi, wasu sun hau kan igiya sun jeru suna gyara gashi, wasu 'yan tsiraru har sun fara tsallakawa kachala da kansu neman ruwa. Dattijo ya san wannan alamar, ya sha ganin ta a garke. Sun ƙoshi.

Wata mata ce ta fara ji. Ta nuna yamma da haɓa. Wani gurnani siriri kamar injin ban-ruwa a gona mai nisa, yana ƙaruwa. Sai ga shi, ɗan abu rawaya, ƙasa-ƙasa, yana tahowa ta saman darbejiya. Agogon Mudassiru ya nuna huɗu da rabi saura kaɗan. Bawan Allah bai makara ba ko da minti ɗaya.

Dattijo ya miƙe ya ɗaga sanda.

"Ja!"

Rekiya ta ja da hannu biyu, gwangwanayen gonar suka amsa gaba ɗaya, mutane suka saki ihun da suka daɗe suna riƙewa. Tsuntsayen suka tashi da nauyi, ba su yi sama ba, suka kwarara cikin kachala kamar an juye buhu. Kachalar ta sunkuya da su. Jirgin ya sauko har ana ganin kan matuƙin, ya bi tsakanin fararen ƙyallaye, wani farin hazo na bin bayansa. Ya yi kwana a kan rake ya dawo ya sake bi. Sannan ya ɗaga hanci, ya karkata fiffike sau ɗaya, ya miƙe gabas maso arewa. Duka-duka bai kai a ɗaura wa jaki kaya ba.

Da farko kamar ba abin da ya faru. Sai hayaniyar kachala ta fara mutuwa. Waɗanda suka yi ƙoƙarin tashi suka riƙa faɗowa cikin ruwa. Mutane suka yi ta kabbara, ana rungume juna, Mudassiru na bin su yana rantsuwa da Allah duk wanda ya tsinci tsuntsun nan ya kai wa iyalinsa ya kashe su, kuma kada a kuskura a shayar da dabba a fadamar. Ba a daɗe ba kowa ya tuna da gonarsa, aka watse ana sauri, a je a ga abin da ya saura. Abin da ya saura kuwa da yawa, layin bai taɓa tsira da shinkafa irin ta wannan shekarar ba.

Dattijo ya tuɓe takalmi ya shiga tasa. Daga nesa lafiyarta ƙalau, zangarniya a tsaye, iska na kaɗa ta. Ya kama ta farko ya murza. Holoƙo. Ya matsa gaba ya kama wata, ya murza, buntu ya bi iska. Ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, yana murzawa yana sakewa, farin ruwan da tsuntsaye suka zubar ya bushe a ganye yana manne masa a hannu. A kusurwar da ke kusa da rumfa ya samu 'yar da ta tsira, wadda in an yanke ba za ta cika zanin mace ba.

Dalhatu ya tsaya a kan kunya, bai shigo ba. Ya ce, "Fillo, ka yi mana abin da ba za mu manta ba. In an yi girbi za mu zauna mu duba."

"Allah ya kai mu," in ji Dattijo. Ya zauna da mutanen nan ya san su. Za su kawo, wannan kwano biyu, wancan uku, da zuciya ɗaya kuwa. A ci wata guda ko biyu a gode. Ba shi ne iri ba, ba shi ne taki ba, ba shi zai riƙe gona ba.

Rana ta yi ja, ta fara nitsewa bayan rake. Kachala tsit, har aka ji ladan ya gyara murya tun kafin ya fara. Dattijo na cikin fangali na ƙarshe sa'ad da Mudassiru ya dawo daga kan gada, ya tsaya kusa da rumfa yana juya waya a hannu.

"Baffa, ya kira. Ya sauka Nguru lafiya, da sauran haske. Yana tambaya ko aiki ya yi."

Dattijo ya saki zangarniyar da ke hannunsa. "Ka ce masa ya yi. Ka yi masa godiya."

Mudassiru ya tura babur ɗinsa ya tafi.

Rekiya ta warware igiya daga hannunta a hankali, ta dafa ginshiƙin rumfa ta miƙe, sai da ta yi sau biyu kafin gwiwoyin su yarda. Ta daɗe tana kallon gonar, sannan ta juya ta kalli rufin kwanon ɗakinta da ke can bakin kanal. Ba ta yi kuka ba. Baƙin cikin ya wuce nan.

"Malam."

"Na'am."

"In za ka aika wa Sunusi, ka ce ya ware mini takarkari mai sanyin hali. Ba zan iya da ƙafa ba."